Gidan da Rufinsa Ke Buɗewa

Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri ta zauna. Sai dai tun yanzu ina gaya muku, ba ta dariya ba ce, kuma ba ni zan warware muku ita ba. In na kai ƙarshe zan ja bakina in yi shiru, ku san yadda za ku yi da ita. Kai Ɗanjuma, kashe rediyon nan, labarun duniya ba guduwa za su yi ba.

A can gabashin Turai, inda sanyi yake daskarar da kogi har keken doki ya bi ta kansa, akwai wani ɗan gari da Yahudawa da Kiristoci suka daɗe suna zaune tare, ba don ƙauna ta yi musu yawa ba, sai don kasuwa ɗaya suke ci. A garin akwai wani Bayahude maɗinkin huluna mai suna Hirsh, da matarsa da 'ya'yansa biyu, Bluma da ƙaninta Motek. Gidansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗakuna biyu a ƙasa, ɗaya a sama, sai ɗakin rami a ƙarƙashin gidan inda ake tara dankali, mai 'yar taga daidai da ƙasar titi.

Amma gidan yana da wani abu da ba a gani daga waje. Yahudawa suna da wani biki da kaka, wanda suke barin ɗaki su ci abinci a bukka har tsawon mako, kuma dole mutum ya hangi sama ta tsakanin ganyen rufin bukkar. Tunawa suke da zaman kakanninsu a hamada bayan sun kuɓuta daga hannun Fir'auna. To, duk shekarar da Hirsh ya kafa bukkarsa a tsakar gida, sai 'yan unguwa su yi ta jefo duwatsu ta kan katanga. Da ya gaji, sai ya ɗauko kafinta daga wani gari, ya sa aka yanka wani sashe na rufin ɗakin sama, aka yi masa maƙalai, aka ɗaura masa sarƙa, aka ɓoye sarƙar bayan wani katako a jikin bango. In biki ya zo sai ya zare katakon ya ja sarƙa, rufi ya ɗaga kamar murfin akwati, a shimfiɗa rassan itace a wurin, ɗaki ya zama bukka. Bluma takan ce duk tsawon ranta ba ta ga abin da ya kai wannan daɗi ba, ubanta yana jan sarƙa, Motek ya riƙe bakin sarƙar yana tsalle yana cewa shi ne ya buɗe sama.

Sai yaƙi ya zo. Sojojin Jamus suka shigo garin, kuma kun san abin da suka zo yi wa Yahudawa, ba sai na ɓata muku rai da bayani ba. Da safe aka tafi da Hirsh tare da sauran maza, ya bar hula a kan tebur da allura a jikinta. Matarsa ta kwashi yaran ta sauka ɗakin rami, suka shige bayan tarin dankali. Bluma a lokacin ta fara zama budurwa, Motek kuwa ko haƙoran yarinta bai gama zubarwa ba.

Mutum ɗaya ne ya san suna nan, wani saurayi maƙwabcinsu mai suna Bazili. Shi yake sunkuyawa a bakin 'yar tagar nan kamar mai gyara igiyar takalmi, ya saki gutsuren burodi ya wuce. Haka suka rayu har sanyi ya shigo. Ran nan sojoji suka rataye wani mutum da matarsa da 'ya'yansa a tsakiyar kasuwa don an sami Bayahudiya a rumbunsu, suka tara duk garin aka kalla. Daga ranar burodi ya daina faɗowa. Bluma tana ganin takalman Bazili suna wucewa ta gaban tagar, ba sa tsayawa. Tari ya kama Motek. Uwarsa takan toshe masa baki da gefen zanenta in ta ji takun sojoji, har ranar da babu sauran abin toshewa. Da murfin tukunya ta tona ƙasar kusurwar ɗakin, ta naɗe shi cikin mayafin da ubansa yake lulluɓa da shi in zai yi addu'a, ta rufe. Kafin ta fita neman abinci, fitar da ba ta dawo ba, ta kama kunnen Bluma ta ce, "In kin rayu, kada ki bar shi nan shi kaɗai. Ki kai shi cikin mutanensa."

Bluma ta rayu. Yadda ta fita ta shiga daji, da yadda ta tsallake teku ta sami kanta a wata ƙasa mai nisa, wannan wani labarin ne. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu. A garinsu kuma, yaƙi yana ƙarewa sai mulkin gurguzu ya kafu, gwamnati ta ce duk gidan da babu mai shi nata ne, ta rufe iyakoki, ba shiga ba fita. Bluma ta tsufa da wasiyyar uwarta a wuya. Ba ta cin abinci ta ƙoshi ba tare da ta tuna akwai yaro kwance a ƙarƙashin dankali ba.

Da gurguzu ya rushe, sabuwar gwamnati ta ce wanda aka ƙwace wa gida ya zo da hujja ya karɓa, amma ta yanka wa'adi. Labari kuma ya iso wa Bluma cewa hukumar garin ta riga ta yi magana da wani kamfani, da zarar wa'adi ya cika za a baje layin gaba ɗaya a zuba kankare a gina ma'ajiyar kaya. Wato in ba ta karɓi gidan ba, Motek zai tafi cikin ɓaraguzai a bayan tifa.

Na ga wani yana motsa baki, zai ce me ya hana ta faɗa wa hukuma akwai gawa a gidan? Ai ba ku san mutanen garin nan ba. Tun bayan yaƙi suka sa wa ransu cewa kowane Bayahude ya binne zinariya a ƙarƙashin gidansa, har kaburbura sun tona suna nema. In aka ji an binne wani abu a ɗakin rami, kafin hukuma ta ɗaura takalmi an riga an kai masa shebur. Dole ne gidan ya zama nata, ta rufe ƙofa, sannan ta tona da hannun mutanenta. Wannan ya sa ta kulle bakinta.

Yanzu ga na farko a cikin mutum ukun da za ku yi wa shari'a. Sunansa Anshel, jikan ƙanin Hirsh, shi kaɗai ne jinin da ya rage wa Bluma a duniya. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da mata da jariri, bai taɓa taka waccan ƙasa ba, ko gaisuwa bai iya da harshensu ba. Bluma kuwa ta iya harshen sarai, amma da zarar ta buɗe baki za ta yi shi sai maganar ta maƙale. Anshel ya zauna da gemunsa ya koyi harshen kamar ɗan firamare, ya ɗauko tsohuwa ya kawo ta. Takardun garin duk sun ƙone a yaƙi, ko sunan Hirsh babu a ko'ina. Ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, a ce ya dawo gobe, goben ta zo a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Hutun da ya ɗauka ya ƙare, aka sallame shi daga aiki, matarsa ta kwashi jariri ta koma gidan iyayenta. Da Bluma ta ce ya koma ya gyara gidansa, sai ya ce, "Goggo, in na tafi wa zai yi miki magana?" Ƙarshe dai ya gano wani alƙali a babban birni da ya yarda ya saurare su. Alƙalin ya ce tunda babu takarda, tsohuwa ta faɗi wani abu game da gidan wanda bare ba zai sani ba, shi zai zo da ƙafarsa ya duba. Bluma ta ce rufin gidan ubanta yana buɗewa. Wakilin hukumar gari ya yi murmushi, ya ce rufi dai irin na kowa ne, kuma akwai mai zama a ciki, doka ta ba ta ikon hana kowa shiga har wa'adi ya cika.

Duk wannan zaman da suke yi, garin bai so su ba. Magana ta bazu cewa Yahudawa sun dawo za su kwashe gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya. In Bluma ta shiga shago sai hira ta mutu. Mai masaukinsu ta daina amsa gaisuwa, daga baya suka tashi suka tarar da mataccen hankaka a bakin ƙofarsu. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne babu abin da ya canza. Duwatsun titin su ne, ƙarar takalmi a kansu ita ce, karnukan ma haushinsu bai sauya ba. Tsohuwa mai furfura ta koma tana bin jikin bango in za ta wuce, tana waiwaye, kamar yarinyar da ta fito daga rami.

A nan ne kuma ta yi kuskuren da babu mai yin sa sai irin mutanenta. Su in sun je kabari ba sa kai fure, ɗan dutse suke ɗorawa, alamar an zo an gaishe ka. Wata rana da hantsi ƙafafunta suka kai ta gaban gidan. Ta ga 'yar tagar nan tana nan yadda ta bar ta. Ba ta san lokacin da ta durƙusa ta tsinci ɗan dutse ta ɗora a bakin tagar ba, ta daɗe a wurin leɓunanta suna motsi. Maza uku da suke zaune a ƙofar mashaya suna kallonta. Kafin rana ta faɗi duk garin ya san tsohuwar Bayahudiya ta sa alama a inda zinariya take. Da Anshel ya kawo mata maganar, sai ta gane abin da ta aikata. Ita da hannunta ta nuna musu inda ƙaninta yake kwance.

Ga na biyu. A ranar ne wani tsoho ya tare ta a hanyar kogi, dogo, rankwafaffe, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. Ba fuskarsa ta gane ba, tafiyarsa ta gane, don ta daɗe tana kallon ƙafafun nan ta taga. Bazili ne. A garin mahaukaci ake ce masa, wanda ya nutsar da katafila. Ashe bayan yaƙi ya sauka ɗakin ramin, ya ga tudun ƙasa a kusurwa da ɗan takalmi a gefe, ya fahimci abin da tsoronsa ya haifar. Ya daddale wurin ya yi shiru. Zamanin gurguzu ya zama direban katafila, ita kaɗai ce a duk gundumar. Wata shekara aka ba da umarnin a rushe layin a fitar da hanyar masana'anta, kuma gidan Hirsh ne na farko. A zamanin nan mutum ba ya cewa a'a, ko tambaya ba ya yi. Bazili ya hau katafila da safe, ya wuce gidan, ya miƙe da ita har gaɓar kogi, ya diro ya bar ta ta gangara. Kafin a kawo wata sanyi ya rufe ƙasa, kafin sanyi ya wuce manya sun canza shawara, hanya ta bi ta wani wuri. Shi kuwa aka kira shi maƙiyin jama'a. Ya tafi da ƙuruciyarsa da haƙoransa, ya dawo daga gidan yari babu ko ɗaya. Da yake mai laifi ne, ba a taɓa ba shi ɗaki ba, a wata bukkar katako yake kwana a bakin kogi, wadda ruwa yake shiga duk shekara.

Bluma ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko gudu za ta yi ko tofa masa yawu. Ya cire hularsa ya ce, "Bluma 'yar Hirsh, yana nan. Babu wanda ya taɓa shi."

Abin mamaki, sai harshen ya sake mata. Ta ce, "Ina ganin takalmanka suna wucewa."

Ya ce, "Na san kina gani."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Washegari aka ga Bazili ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gaban 'yar tagar, ya zauna da sandarsa a kan cinya. Mutane suna dariya, amma dai babu wanda ya leƙa.

Ga ta uku, kuma ita ce mai zama a gidan. Sunanta Danuta, gwauruwa mai 'ya'ya mata biyu, tana wankin kwanuka a asibitin garin. Gwamnatin gurguzu ce ta zuba iyayenta a gidan bayan maganar katafila, a ɗakin sama aka haife ta, a nan ta yi wa uwarta jinya har ta rufe mata ido. Ba ta san wani gida ba, ba ta da wani wurin zuwa. Hukumar gari ta yi mata alkawarin ɗaki a sabon bene in aka rushe layin, da sharaɗin ta riƙe ƙofarta har wa'adi ya wuce. Ranar da Anshel ya fara ƙwanƙwasa mata, ko gama sallama bai yi ba ta maida ƙofa a fuskarsa.

Kuma ta san maganar rufi. Tana ƙarama ta taɓa zare katakon nan garin wasa, ta ga sarƙa, ta rataya a jiki, sai ga sama ta leƙo cikin ɗaki. Ubanta ya yi mata dukan da ba ta manta ba, ya buga wa katakon ƙusoshi, ya rufe rufin da silin, ya ce duk ranar da wani ya ga wannan abu, ranar za su kwana a titi.

Bayan maganar ɗan dutse, maza suka zo mata da shebur da diga, cikinsu har da ƙanin marigayin mijinta. Suka ce a tona a raba, kafin tsohuwa ta kwashe. Danuta ta ce su ba ta lokaci. Ta yafa gyale ta tafi masaukin baƙi, ta tarar da Bluma zaune a bakin gado da jakarta a kan cinya, kamar mai jiran a zo a kama ta. Danuta ba ta zauna ba.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba faɗa na zo yi ba. Mene ne a ƙarƙashin gidana?"

Bluma ta dubi matar nan da ke riƙe da komai a hannunta. In ta faɗa, ta miƙa sirrinta ga wadda ta fi kowa amfana da faɗuwarta. In ta yi shiru, shebur zai shiga. Ta ji sanyin ramin nan yana hawa ƙafafunta.

Ta ce, "Ƙanina ne. A kusurwar hagu, inda ake tara dankali."

Danuta ta dafa bango. Can ta ce, "A wurin nake ajiye tulun madara. Ya fi ko'ina sanyi." Sannan ta ce, "Shekararsa nawa?" Da aka faɗa mata, ta juya ta fita. Bluma ta kwana biyu ba ta san ko ta ceci Motek ko ta sayar da shi ba.

Ranar da alƙali ya zo, ana sauran ƙiris wa'adi ya cika, duk garin ya fito. Ba ihu suke ba, da ma ihun ne da sauƙi. Tsaye kawai suke a gefen titi biyu, maza da mata, hannuwa cikin aljihu. Bluma ta taɓa ganin irin wannan tsayuwar, ranar da aka wuce da ubanta. Anshel ya riƙe ta yana ja a hankali. Suna dab da ƙofa dutse ya taso daga bayan taro, daidai kanta. Anshel ya rungume ta ya juya, dutsen ya same shi a gefen ido. Jini ya wanke masa riga, amma bai sake ta ba, kuma idon nan bai ƙara gani da shi sosai ba.

Alƙali ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa, wakilin hukuma har ya fara duba agogo. Sai aka ji ƙarar sakata. Danuta ta buɗe, guduma a hannunta, 'ya'yanta biyu a bayanta sun yi tsuru-tsuru. Daga cikin taro ƙanin mijinta ya kira sunanta, ya ce ta tuna a garin nan za ta ci gaba da zama. Ta dube shi, ta dubi Bluma, ta ce, "Iya, shigo."

Danuta ce ta hau tebur ta ɓalle silin. Ita ta zare ƙusoshin da ubanta ya buga. Sarƙa tana nan, ta yi tsatsa. Bluma ta kama ta ja, ko motsi ba ta yi ba. Danuta ta karɓa ta rataya da duk nauyinta kamar yadda ta yi tana yarinya. Rufi ya yi wata irin ƙara kamar kukan tsohuwar ƙofa, ƙura da kashin tattabaru suka zubo wa alƙali a kafaɗa, haske ya faɗo tsakiyar ɗaki. Mutanen da ke titi suka ga rufin gidan da suka sani tun suna yara ya ɗaga baki. Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai, don sun tuna.

Alƙali ya ba Bluma gidanta. Aka kirawo malamin Yahudawa daga babban birni, aka rufe ƙofa, aka tona kusurwar hagu. Mayafin ya ruɓe, saura zare-zare, amma yaron yana nan cif. Aka kai shi tsohuwar maƙabartarsu a bayan gari, inda ciyawa ta kusa cinye duwatsu, aka kwantar da shi cikin mutanensa. Masu neman zinariya sun bi gawar da ido, da suka ga ƙanƙantar akwatin wasu suka cire hula, wasu kuma suka ce ai dabara ce, an riga an kwashe. Bluma ta ɗora ɗan dutse, wannan karon ba ta waiwaya ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun tashi kowa ya kama gabansa. Amma Bluma ta kwanta ciwo a ɗakin sama, likita ya ce ba za ta ga wani kaka ba. Doka ta ce suna ɗaya za a rubuta a kan gidan. Kada wani ya ce mini su zauna tare, na ga bakinka, Ɗanjuma. Anshel ya rantse ba zai kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mutumin da ya daina kawo burodi ba, ɗakunan ma ba su isa ba. Kuma ko da sun isa, wanda aka rubuta shi ne mai gida, sauran baƙi ne, Bluma kuwa ta fi kowa sanin abin da ke samun baƙo in zamani ya juya.

In ta ba Anshel, ta ba jininta, wanda ya rasa aikinsa da zaman gidansa da rabin ganinsa, wanda ba don shi ba da babu alƙalin da zai taka garin. Shi kaɗai ne zai ja sarƙar nan da kaka don abin da aka yi ta dominsa. Amma yana da zafin zuciya, ya riga ya faɗa cewa iyalinsa zai kawo, Danuta ta nemi wuri.

In ta ba Bazili, ta ba wanda ba don shi ba da babu gidan da za a yi shari'a a kansa, babu ƙasusuwan da za a binne, tun tuni motoci suna bi ta kansu. Bai roƙi komai ba, kuma kogi ya kusa cinye bukkarsa. Amma da bai ɗauke ƙafarsa daga tagar nan ba, wataƙila da Motek ne tsaye da furfurarsa yana jan sarƙa.

In ta ba Danuta, ta ba wadda ta buɗe ƙofar da doka ta ba ta ikon rufewa, ta ɓalle rufin asirinta da hannunta. Hukuma ta janye alkawarin ɗaki, dangin mijinta sun yanke ta, a kasuwa ba a amsa gaisuwar 'ya'yanta. Amma duk rayuwarta a cikin kayan ƙwace ta yi ta, ta sani ta yi shiru, kuma ranar da aka rubuta sunanta, gidan Hirsh ya fita daga hannun zuriyarsa karo na biyu, wannan karon da sa hannun 'yarsa.

Bluma tana kwance, mabuɗi a tafin hannunta har ya yi mata shaida, tana jin motsinsu su uku a ƙasa. Ta ji tsoron sojoji, ta ji tsoron yunwa, ta ji tsoron taron da ba ya magana, amma wannan tsoron sabo ne a wurinta. Duk wanda ta kira, ita ce za ta zama mai rufe wa mutum biyu ƙofa, ita da ta san yadda ake ji a bayan rufaffiyar ƙofa. Ta sa aka ɗaga mata rufi ta ga sama, ta tattara sauran numfashinta, ta kira suna ɗaya.

Ni nan na sauke kayana, saura ku. Ku ɗauka mabuɗin nan a hannunku yake, su uku suna tsaye a gindin matakala suna saurare. To, sunan wa za ku kira?